Giwayen Kawu Sule

Duk wanda ya san Kawu Sule ya san ƙafarsa. Daga wuya zuwa idon sawu cikakken Alhajin Nasarawa ne: babbar riga ta shadda ta sha aiki, hula ta zauna daram, turare yana tashi. Amma ka sauke ido ƙasa sai ka ga kambas irin na 'yan gudun fanfalaki, ya ci ƙasa har ba a gane asalin launinsa. Da shi yake zuwa ɗaurin aure, da shi yake zuwa suna. In aka yi masa magana sai ya ce, "Takalmin gayu na wanda ya zo zama ne. Ni wucewa zan yi."

Kuma wucewar yake yi. A gayyace shi biki a wani gari, da an shafa fatiha, tun ba a fito da shinkafa ba, zai aika cikin gida a kira masa matarsa, Hajiya Rabi, su sulale. Sai dai a ji labari an gan su a gindin wani dutse ko bakin wani kogi, shi rataye da madubin hangen nesansa na zamanin da yake aikin safiyo, ita rungume da fulas ɗin shayi.

Ba haka suka taso ba. Shekarun da ya yi yana yawon auna ƙasa, Hajiya tana gida da yara, ba ta san ko'ina ba sai Kano da Makka. Bayan ya yi ritaya ne likita ya ce tana da hawan jinin ido. Magani zai rage masa gudu, amma ganin nata tafiya zai yi. Da suka dawo gida daga asibiti Kawu ya ce, "To, Hajiya, tunda an ce za a ɗauke wuta, sai mu tashi mu kalli duniyar tun da sauran haske."

'Ya'yansu ba su ga abin dariya a ciki ba. Babbarsu, Yaya Sadiya, ta kira ni daga Abuja ta ce, "Nura, kai ne a kusa. Kai za ka riƙa tuƙa su. Ka kai su biki, ka dawo da su, kada ka bari su hau ko tudun dakali. Ka zama birki." Ni ɗan Binta ne, ƙanwar Kawu, shi ya sa yake ce mini Ɗan Binta. Sai dai Yaya Sadiya ba ta duba wanda ta naɗa ba. Ni da ko masallacin layinmu a mota nake zuwa, ni da tumbina yake riga ni shiga ɗaki, ni aka ba amanar tsofaffi biyu masu ƙaiƙayin ƙafa.

A garin Dutse aka fara gwada birkin. Ana gama ɗaurin aure Kawu ya nuna mini wani tsauni da haɓa. Na gyara murya na ce, "Kawu, Yaya Sadiya fa ta ce…"

"Sadiya tana Abuja," in ji shi. "Dutsen yana nan."

"To can ƙoli za mu?"

"Wane ƙoli? Ai mun iso."

Ku da kuka taɓa bin sa tafiya kun san in ya ce an iso, to ba a ma fara ba. Ya riƙe hannun Hajiya yana gaya mata inda za ta taka, suna tafe suna hira kamar masu zaga gidan maƙwabta. Ni ina baya da tabarma da kular abinci. Ban san inda muka kai ba, na dai tsinci kaina kwance a kan wani fale-falen dutse, ina jan numfashi kamar tsohon janareto, Hajiya tana yi mini fifita da gefen mayafinta. Daidai nan wayata ta yi ƙara, Yaya Sadiya ce.

"Nura, me ya faru na ji kana haki? Umma ce?"

Kafin in haɗa kalma Kawu ya zare wayar. "Lafiya lau muke, Sadiya. Ɗan Binta ne muka fito da shi ya sha iska, jikin ya ɗan motsa masa. Ku sa shi a addu'a."

Suka bar ni a nan da fulas, suka ƙarasa. An ce Hajiya ta daɗe a tsaye tana kallon garin da itatuwan dabinonsa. Na ce an ce, don ni ban kai ba. Kafin mu dawo Kano labari ya riga mu, mahaifiyata tana jirana a ƙofar gida da rubutun sha.

Da na ga ƙarfi ba nawa ba ne, sai na koma dabara. Muna dawowa daga suna a Rano, Kawu ya ce mu ratsa madatsar ruwa ta Tiga, yana so Hajiya ta shiga kwale-kwale. A lokacin ganinta ya tsuke, abin da ke gabanta tsaf kaɗai take gani, gefe da gefe duhu. Ni kuwa ko a kwata ban iya iyo ba. Da muka tsaya sallar azahar na yi sauri na idar, na lallaɓa na zare kan batir. Suka fito na murɗa makulli, shiru. Na yi fuskar jimami na ce, "Kawu, motar nan ta ƙi. Sai dai mu nemi mai jan mu gida."

Bai dube ni ba. Ya tattare hannun babbar riga, ya ɗaga bonet, ya mayar da kan batirin, ya ɗauki dutse ya ƙwanƙwasa shi ya zauna. Sannan ya leƙa ta taga ya ce, "Hajiya, motar nan ta ɗauko halin mai ita. Da ta ji an ambaci ruwa sai gabanta ya faɗi."

A cikin kwale-kwalen, a ƙasa na zauna dirshan, na damƙe gefe biyu, na fara karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Can Hajiya ta ce, "Nura, wannan ai ta sa sabuwar riga ce."

Na ce, "Hajiya, ki bar ni, duk wadda ta zo karɓa nake."

Mai fito ya yi dariya har jirgin ya karkata, na ƙara ƙanƙame katako. Da na samu na buɗe ido ɗaya, sai na ga Kawu ya kama kafaɗun Hajiya yana juya ta a hankali, yana bin wasu balbelu da suka taso daga bakin ruwa, don su faɗo cikin ɗan wurin da take gani.

"Na ga fari-fari suna wucewa," in ji ta.

"Su ne. Kin same su."

Ta saka hannu a ruwa tana murmushi. Tun daga ranar ban ƙara taɓa batir ba. In Yaya Sadiya ta kira, cewa nake suna hutawa, kuma ba ƙarya na yi gaba ɗaya ba, tunda ko yaushe akwai mai hutawa a cikinmu.

Tafiyarmu ta ƙarshe Bauci ce, gaisuwar rasuwa. A lokacin Hajiya haske da duhu kawai take bambancewa. Na ɗauka yawo ya ƙare. Amma ana shafa addu'a Kawu ya ce gandun namun daji za mu, don ya daɗe da yi mata alkawarin giwa. Aka zuba mu a motar zagaya daji, muka yi ta tafiya rana tana dukanmu. Babu abin da muka gani sai gadu da birai, wani biri ma ya ɗauke mini burodi a cinya, ban ko yi gardama ba. Hajiya ta jingina kai. Na ga Kawu yana satar kallonta.

Kwatsam ya ce wa direba ya tsaya. Ya ɗora madubinsa a ido, ya sassauta murya. "Hajiya, ga su can. Uwa ce da ɗanta, suna gindin wata tsamiya."

Na duba, na sake dubawa. Suri ne guda biyu na gara, babba da ƙarami. Na buɗe baki na ce, "Kawu, ai wancan…" Sai na ji kambas ya sauka a kan yatsuna da dukan nauyin mai shi. Na haɗiye sauran maganar tare da ƙwalla.

"Ɗan yana kusa da uwar?" in ji Hajiya. Ta miƙe zaune.

"Yana manne da ita. Ga ta tana kaɗa kunne, faɗinsa ya kai faifan tuwonki na biki. Ta karyo reshe ta miƙa masa, ya ƙi karɓa. Rigimamme ne, irin Sadiya tana ƙarama."

Hajiya ta yi dariya har da tafa hannu. Ta yi ta tambaya yana ba ta amsa, har da lakar da ke bayan uwar da yadda ɗan yake tuntuɓe da hancinsa. Direba ya kau da kai yana kallon wani wuri.

Da muka sauka na ja shi gefe ina ɗingishi. Na ce, "Kawu, kai da ka hana mu ƙarya ko da wasa?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Wa ya yi ƙarya? A daidai wurin nan na gan su da idona, muna aikin safiyo, tun uwarka ba ta yi aure ba. Makara kawai na yi wajen ba ta labari."

Bai yi wata doguwar jinya ba. Wata safiya ya zauna a gindin mangwaron gidansa yana jiran shayi, shayin ya zo ya tarar ya tafi. Bayan an watse daga zaman makoki na shiga gaida Hajiya. Tana zaune a kan darduma da carbi. Ta gane ni tun daga numfashi.

"Nura, zo nan. Ranar nan babu giwa ko?"

Na fara inda-inda, ina neman inda zan ɓoye Kawu.

"Kada ka wahalar da kanka," ta ce. "Da akwai giwa, da ka riga kowa shigewa ƙarƙashin kujera kana salati. Shirunka ne ya gaya mini."

Na yi 'yar dariya. Na ce, "To, Hajiya, me ya sa kika biye masa?"

Ta ɗan juya carbin a hannunta. "Ni na riga na haƙura da idon tun tuni. Shi ne bai haƙura ba. Da na ce masa ban ga komai ba, da ya dawo da ni gida ya zauna yana jin tausayina, kuma da hakan ya karya shi. Shi ne yake bukatar in gani, sai na gani."

Ni da na je ba da haƙuri, ni aka ƙare ana ba wa. Na yi kuka sosai, irin wanda ban yi ba ko a maƙabarta, ita kuma tana lalubo kaina tana cewa ya isa.

Allah ya jiƙan Kawu Sule, ya yalwata masa kabari ya cika shi da haske. Allah ya ba Hajiya haƙuri da tsawon rai, in lokacinta ya yi ya sada su a Aljanna da idonta garau, ya kama hannunta ya nuna mata komai da kansa. Amin.