Atishawar da Baba ba ya amsawa

Tun ina ƙarami, da zarar hatsi ya yi bununi, ƙurar furen nan da ke zuba daga zangarniya, hancina yake kwancewa. Atishawa a jere, ido ja yana ruwa, maƙogwaro yana ƙaiƙayi. Daidai lokacin kuma ake shiga ƙarƙashin hatsi ana cirar ciyawar wake da gujiya. Babana ya duba yadda ciwon ke zuwa tare da aiki ya kuma tafi tare da shi, ya yanke hukunci cewa lalaci ne ya samu hanci ya fake.

Bai taɓa dukana a kai ba. A gidanmu duk wanda ya yi atishawa ya yi hamdala, Baba zai ce masa yarhamukallahu, ko ta bayan darni ya jiyo. Ni sai ya daina amsa mini. In yi tawa, in ɗaga murya da hamdala don ya ji, ya ci gaba da gyaran ƙotar hauyarsa. Inna ce ke amsawa ƙasa-ƙasa daga madafa. Abin ya yi mini ciwo shekara da shekaru, kuma ban ga wurin da ake kai ƙarar uba don ya hana addu'a ba.

Da ya tabbatar babu manomi a jikina, sai ya bar ni a lakwal, makarantar boko. Haka lalacin nawa ya yi ta tura ni har jami'a, har na tsinci kaina a ɗakin gwaji ina kiwon fararen ɓeraye. Aikin ba wuya: a jiƙa bununi, a tace, a riƙa ɗiga wa ɓera a hanci, a zauna a zuba masa ido ko zai yi atishawa. Wasu ruwan gishiri kawai ake ɗiga musu don a ga bambanci. Ni na zaɓi wannan bincike da kaina, malamina ya ɗauka son ilimi ne.

Bununin sai an samo shi, ni kuwa na gonarmu ta hanyar Gabi na fi sani, shi ma ya san ni. Na zo gida Madarunfa da damina, takunkumi a hanci, ina ɗaura wa zangarniya jakunkunan takarda. Baba ya tsaya a kan iyaka yana kallona.

"Ashe kana shiga gona," ya ce.

"Ina shiga, Baba."

"Don wa?"

"Don kusu."

Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yaƙi da ɓera a rumbu ya daɗe yana juya wannan amsa. Daga baya ya ce, "Allah shi kyauta," ya wuce.

Wata daminar na dawo ɗibar wani bununin, da hoton bidiyo a salula. Bayan la'asar na sami Baba a gindin itacen bedi na miƙa masa salular. Ya riƙe ta nesa da fuska. Ɓeran farko, na ruwan gishiri, yana ta yawonsa a keji. Na biyu ya zauna a kan ƙafafun baya, yana murza hanci da hannu bibbiyu, kansa yana fizga.

"Wanga mi ya same shi?"

"Bununin gonarmu aka sa mashi."

Ya ce in maido, na maido. Ya sake kallo.

"Akwai aikin da aka sa shi?"

"Ba shi da aiki, Baba. Daga ci sai kwana."

"Ba a aike shi ko'ina ba?"

"Ko'ina."

Ya miƙo mini salular, ya ce kusun ya yi ƙiba. Iyakar abin da ya ce ke nan. Na ji haushi sosai, na tashi na shiga wurin Inna.

Washegari ina cikin hatsi ina ɗaure takarduna, shi yana can cikin kara yana cirar ciyawa. Ƙishi ya dame ni, na zame takunkumi in sha ruwa, sai atishawa ta zo da ƙarfinta. Na yi hamdala a hankali, yadda na saba, don kaina.

"Yarhamukallahu," aka ce daga cikin kara.

Na san abin da ake mayarwa, amma ya maƙale mini a wuya. Na tsaya da gora a hannu, idona yana ruwa, kuma wannan karon ba zan ɗora wa bununi duka ba.

"Amsar ma sai kusu ya koya maka?" ya ce. Ya fito yana kakkaɓe hannu, ya karɓe takardun. "Hita ka jira ni bakin hanya, ni in ɗaure maka su."

Kafin in kai bakin hanya na sake yin wata, ya sake amsawa.