Yadda Agali Ya Jefa Ni Tabki

Ku matso, samari. Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da Madugu Bawa ya kira mu gindin gawo a Birnin Lalle ya ce bana kayanmu ba za su tsaya Tarabulus ba. Abokin cinikinsa na can ya ba shi shawara a ƙetare Bahar Rum da su har Istambul, birnin Sarkin Turkawa a bakin ƙasar Turai, inda gashin jimina ke da daraja.

Madugu shi ne shugaban ayari, maganarsa ce ƙarshe. Ni aikina tantance gashi: farin fiffiken namiji daban, baƙi daban, na mace mai ruwan toka daban, sannan a ɗaure a cikin fata don kada asu ya ci. Mutum ɗaya madugu zai shiga jirgin ruwa da shi, ko ni ko Agali, Buzun da ke kula da raƙumanmu, wanda ke jin Larabci kuma ya daɗe yana mafarkin birnin nan.

Aka shiga shiri tun damina. Aka saƙa barguna, don an ce sanyin can har ƙashi yake shiga. Aka tanadi cuku da kilishi da garin gero. Sai madugu ya dube ni ya ce, "Nomau, an ce mini ko rijiya ba ka leƙawa. Gaskiya ne?"

Na ce, "Gaskiya ne, maigida." Ƙanena a tabki ya rasu ina tsaye a baki, tun muna yara.

Ya ce, "Ba ni tafiya da wanda zai sume mini bisa teku ya bar ni da kaya. Kafin gulbi ya janye, ka ƙetare shi da ƙunshin gashi a ka, ba ɗigon ruwa. In ka kasa, Agali ne."



Washegari da hantsi sai ga Agali da wani ƙaton gora irin na masunta. Ya ce, "Tashi, matsoraci." Ya kai ni tabkin da muke shayar da dabbobi wajen Dakoro, ya ce in rungume goran. Ina cikin karanto addu'a ya hankaɗa ni ciki. Kai! Ihun da na yi har shanun Fulani suka watse. Ruwan ma iyakar ƙirjina ne, shi kuwa dariya har rawaninsa ya kwance.

Haka muka yi ta yi har gero ya fara nuna. Yana riƙe da ni, yana jijjiga goran da gangan wai haka jirgi ke yi. Na zage shi, na zagi raƙumansa, bai fasa zuwa ba.

Ranar ƙetarewa madugu na tsaye a gaɓar ƙetare. Na kai tsakiyar gulbi rungume da goran, ƙafata ta rasa ƙasa, ƙunshin ya karkace. Sai na ji muryar Agali daga ƙetare: "Kar ka dubi ruwan, Nomau! Dubi mummunar fuskata!" Ita na duba har na taka yashi. Madugu ya kwance ƙunshin, ya shafa, ya ce, "Je ka yi bankwana da gida."

Na tambayi Agali mi ya sa shi, alhali da na faɗi shi zai tafi. Ya ce, "Ina so, Allah ya sani. Amma in an buɗe kayan ga a can, kai ka san gashi. In ni ne, sai a cuce mu ina ta zuba Larabci."

Na ga Istambul, na ga hasumiyoyinta, mun sayar da kaya lafiya. Agali kuwa iyakarsa bakin teku a Tarabulus, can ya jira mu da raƙuma, kuma har ya rasu bai sake samun hanyar ba. Abin da na koya ke nan a fatauci: duk inda ka ga mutum ya isa, akwai wanda ya tsaya baya don ya isa. Ni nawa sunansa Agali, ku sa shi a addu'a.