Chechi Filomina da man gashin Dakta

Ƙarfe bakwai Chechi Filomina (Chechi na nufin Yaya a yaren nan) ta riga kowa shiga ɗakin gwajinmu na garin Kollam da ke bakin teku. Ba ta kurɓar shayi sai ta wanke kwalabe, ta gasa su a tanda, ta rufe bakinsu. Shekara talatin da ɗaya ke nan, ƙarshen wata za ta ajiye aiki. Mu matasa Kwastan muke ce mata, don ba ka wuce ƙofarta sai ta shinshina hannunka.

Aikinmu lakar ƙasan teku ce. Ƙananan halittun da ke yawo a ruwa suna da nasu maiƙon, in sun mutu ya kwanta cikin laka. Mu kuma mu tantance, nasu ne ko na jirgi ne ya malala.

Bara gwaji ya nuna man fetur a lakar gaɓar masunta ta Neendakara. Aka ce za a rufe kamun jatan lande wata uku, ana tsakiyar kakarsa. Sulekha mai ɓare jatan lande ta zo har ƙofa ta ce, "Chechi, in sun rufe, takardar taku zan dafa wa yara?"

Filomina ta shiga ofishin Dakta Sadasivan, ogan da ya ɗebo lakar da hannunsa.

"Yallaɓai, ranar ka shafa mai a ka?"

"Wa ke fita da busasshen kai a garin nan?"

"Na kwakwa ko na kanti?"

Ya ce, "Na kanti. Iska ta yi ta hargitsa min gashi, ina gyarawa."

Na kantin nan rabinsa daga fetur ake tace shi. Ta ɗiga shi a kwalba ta gwada, ya fito iri ɗaya da na lakar. Dakta ya koma teku, kai naɗe da tawul kamar mai mura. Sabuwar laka ta fito tas, ba a rufe kamu ba.

Na ce, "Chechi, ba ki ji tsoro ba? Zai iya sa a tura ki ƙauye fa."

Ta ce, "Na ji mana, shashasha. Shi ya sa na zauna kafin in tambaye shi."

Ke ce mai hannu tsaf, Chechi. Ba a sa sunanki a rahoton ba, amma gidaje nawa suka ɗora tukunya saboda ke. Mun gode. Mu da muka saura, in abu bai yi ba mu ƙwanƙwasa ƙofar oga, ko da muna jin tsoro.