Kaset ɗin da Ya Ɓace a Ɗakin Kawu

Har yau idan ɗalibi ya shigo ofishina da na'urar ɗaukar murya yana rawar jiki zai tafi ƙauye bincike, sai in ce masa ya zauna tukuna. Ba na hana shi tafiya. Ina dai ba shi labarin abin da na aikata a wani ƙauye tsakanin Safo da Madarunfa, a tsakiyar shekarun casa'in, lokacin da nake ganin duk ƙasar Maraɗi babu wanda ya kai ni wayo.

Na gama digirin farko a Yamai, na shiga karatun gaba a fannin wasan kwaikwayo, na zaɓi in yi bincike a kan wasan kara. Ga yadda ake yinsa a ƙauyen nan: idan an gama girbi, gero ya shiga rumbu, sai mazan gari su fere karan dawa su yi bindiga da tabarau da agogo da hular soja, har da moto, wato babur, su fito fili bayan la'asar suna kwaikwayon manya. Wannan mai gari, wancan alƙali, wancan likita. A yi dariya har wasu su zube ƙasa. Kafin magariba a tara karan gaba ɗaya a cinna masa wuta. Ni kuwa tun daga Yamai na riga na rubuta a littafina cewa ana ƙone kayan ne don a tsabtace fili. Dubi jahilci don Allah, ga digiri a aljihu!

Na zaɓi ƙauyen ne saboda kawuna, ƙanen mahaifiyata, a can yake noma. Kuskurena na farko tun kafin in sa ƙafa a garin na yi shi. Na tsaya Madarunfa aka buga mini hatimi a takardar izinin bincike, na fito ina neman abin hawa, sai wani gardi mai tsaron daji ya ce ai can ya nufa, in hau bayansa. Na hau da murnata. Haka na shiga garin kawuna a bayan moton mutumin da duk garin ke tsoro, ga jaka a kafaɗa, ga manyeto a hannu, wato na'urar ɗaukar murya, ina ɗaga wa mutane hannu kamar ɗan takara.

Kawu ya karɓe ni, ya ba ni ɗakin da ke kusa da zaure. Da muka ci tuwo ya wanke hannu, sai ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, mi ka ce kana karantawa?"

Na ce wasan kwaikwayo.

"Wasa? Gwamnati ta ajiye ka Yamai shekara da shekaru kana karatun wasa?"

Na fara yi masa bayani da manyan kalmomi. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To, madalla. Shi kuma gardin nan, tun yaushe kunka san juna?" Na ce yau ɗin nan. Ya ce, "To." Wannan "to" ɗin ta ba ni haushi ƙwarai, amma na haɗiye.

Sati biyu na yi ina bin mutane da tambaya. Kowa na gaishe ni da fara'a, "Mushe, ina kwana," kamar yadda ake kiran ɗan boko da Faransanci, amma da na ciro biro sai hira ta koma ta damina da tsadar taki. Mutum ɗaya ne ya saki jiki da ni, wani dattijo mai amalanken jaki, wanda sana'arsa ɗauko itace daga daji ya kai bakin hanya. Shi ne gwanin wasan garin. Siririn mutum ne, ba ya da yawan magana, ƴaƴansa bakwai, kuma abincinsu duka a bayan jakin nan yake. Ranar da gardi ya ga dama ya ƙwace gatarinsa da jakinsa, to gidan ya kwana da yunwa. Wannan kowa ya sani, ni ma na sani.

Ranar wasa na dasa manyeto a gindin wata bedi, wato dogon yaro, na sa sababbin batura. Aka yi mai gari, aka yi likita mai yi wa mutane allura da tsinke. Sai ga mai amalanke ya fito kan moton kara, da tabarau na kara, ya cusa tsumma a riga ya yi tumbi. Wallahi ban taɓa ganin irin wannan ba, ko a dandalin Yamai. Tafiyar gardi ce, tarin gardi ne, har yadda yake lasar leɓe idan ya hango kaza. Ya ɗauki wani busasshen reshe ya shinshina, ya kara a kunne, ya ce reshen nan ya kawo masa ƙara tun daga Madarunfa, yana kuka an sare shi ba izini. Daga nan ya shiga lissafa gida gida: zakaran wane da ya tafi a bayan moto, akuyar wance, ƙwaryar ƙwan zabin da aka karɓe wa wata tsohuwa ranar kasuwa. Ya ambaci sunan gardin ƙarara, ba sau ɗaya ba. Mata na guɗa, tsofaffi na share hawaye. Ni kuwa zuciyata fari ƙal, ina cewa a raina babi na uku na bincikena ya samu.

Da rana ta yi ƙasa aka tara kara aka sa wuta. Mai amalanke ya cire tabaransa ya jefa, ya juyo ya nuna manyeto da haɓa ya ce, "Mushe, naka kayan fa?"

Na yi dariya. Na ɗauka cikin wasan ne. Shi bai yi dariya ba, amma ban kula ba.

Washegari da hantsi na shimfiɗa tabarma a zauren Kawu, na kunna kaset don in kwafe maganar a takarda. Na ƙure murya kuwa, don iska ta shiga ɗaukar. Muryar mai amalanke ta fita har titi tana kiran sunan gardi. Ina cikin rubutu na ga inuwa ta rufe ƙofa. Na ɗaga kai, mutane sun fi ashirin, ba mai motsi. Na yi murmushi ina jiran su fashe da dariya irin ta jiya. Ko ɗaya. Matar mai amalanke na cikinsu da tulu a kai, ta sauke shi a hankali ta dafe ƙirji.

Kawu ya ratso su ya ce, "Kashe abin nan."

Na kashe. Ya sallami mutane, sannan ya zauna gabana ya ce, "Kai da kake karatun wasa, ba a gaya maka dalilin wutar ba? Abin da mutum ya faɗa da tabaran kara a fuska, ba shi ya faɗa ba. In an ƙone karan, maganar ta tahi tare da shi. Ko mai gari aka zaga, ba ya da ikon tada ta gobe. Ko gardi ya ji labari, wa zai kama? Wa ya ji? Ba kowa. Kai kuma ka zo ka ɗaure maganar bawan Allah cikin akwati, ga sunansa ga muryarsa."

Kunya ta kama ni, amma girman kai ya fi ta ƙarfi. Na ce wannan aikin ilimi ne, ba mai jin sa sai malamaina. Kawu ya ce, "To." Na cire kaset ɗin na tura shi can ƙasan jaka, ƙarƙashin kayan sawa, na ƙudura ba zan sake taɓa shi ba sai Yamai.

Kwana biyu tsakani, da azahar, sai ga ƙarar moto a ƙofar gida. Gardi ne. Ya zauna a zaure, Kawu na gefe yana gyaran igiya. Ya tambayi lafiyar karatu, ya yi dariya, ya ce ya ji an yi wasa mai daɗi, har an ce na ɗauka. Yana son aron kaset ɗin ya ji, shi ma mai son dariya ne. Na ce na bincike ne, ba a ba da shi. Sai fuskar ta canza. Ya ce takardar izinin da aka ba ni, kalma ɗaya zai faɗa a karɓe ta. Ya ce ɗalibin da ke yawo ƙauye yana tara zagin ma'aikata a wannan zamani, ya san inda ake kai irinsa.

Zan faɗi gaskiya, don ita ce dalilin rubutun nan. Na tuna shekarun da na kashe, na tuna mahaifiyata da ke gaya wa maƙwabta ɗanta zai zama malamin jami'a. Na ce wa kaina ai zan ba shi ne kawai ya ji, me zai faru? Na san abin da zai faru sarai. Na tashi na shiga ɗaki.

Na zazzage jakar nan har ƙasa. Babu kaset. Na ɗaga katifa, na duba cikin manyeto, na duba takalmi. Babu. Na fito gumi na zuba na ce ya ɓace. Gardi ya shiga da kansa ya birkice ɗakin, ya kwashi sauran kaset ɗina uku ya saurara a tsaye, duk hirar tsofaffi ce kan yadda ake fere kara. Ya jefar da su, ya ce za mu gamu, ya tada moto.

Daga ranar na zama wani abu daban. Kowa ɓarawo ne a idona. Na fara zargin matar Kawu, don ita ke share ɗakin. Na daina ba ta makulli, na ce zan share da kaina. Na ɗaura zare siriri a bakin jaka don in gane in an buɗe. Na barbaɗa toka a bakin ƙofa ina duba sawu, ni ɗan jami'a, sawun kaza kawai na samu. Na tare mai amalanke a hanyar daji na ce ya fito mini da kayana. Ya tsayar da jaki ya dube ni ya ce, "Mushe, ni ban taɓa shiga ɗakinka ba. Amma in ka gan shi, ka tuna da ƴaƴana." Na yi tsaki na wuce.

Daga baya wani zargin ya shige ni wanda ya fi duka muni. Na ce ko Kawu ne ya riga ya miƙa wa gardi, don a bar masa gawon gonarsa ya sassabe, zuwan nan da birkice ɗaki duk don a rufe ni ne? Ai shi kaɗai ya ga inda na nufa da kaset ɗin. Kuma ranar yana zaune yana gyaran igiya ko gezau bai yi ba. Na daina cin tuwo tare da shi, na ce cikina ke ciwo. Duk moton da ya wuce sai in leƙa in ga ko jakin dattijon nan za a ja. Tsoro nake ji, da haushi, kuma ban san wanda na fi jin haushi ba.

Kwana tara haka. Ba a kama kowa ba. Na haɗa kaya zan koma Yamai hannu wofi. Da safen ranar Kawu ya ce in raka shi lambunsa na bakin tafki, akwai abin da zan kama masa. Na bi shi ba don ina so ba, yana gaba ina baya.

Tun daga nesa na hango wani abu na walƙiya a kan fangalin salati da tumatir. Da muka matso sai na ga zare ne baƙi-baƙi mai sheƙi, an ja shi daga wannan turke zuwa wancan, layi layi, iska na kaɗa shi yana ƙara, tsuntsaye na ta kewaye sun kasa sauka. Na tsaya cak. Zaren kaset ne. Ga fankon a rataye jikin turke, da rubutun hannuna a kai.

Na ce, "Kawu! Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka kunna shi. Kana masallaci la'asar."

"Mai amalanke ya sani?"

"Duk gari an sani. Har gardin ya wuce ta nan sau biyu, ya ce dabarar korar tsuntsu ta yi kyau."

Raina ya ɓaci. Na ce kwana tara ina hauka, ina zargin matarsa, ina zargin shi kansa, me ya hana ya gaya mini? Ni fa ɗan ƴar'uwarsa ne, ba baƙo ba.

Ya sunkuya ya cire wata ciyawa ya yar, sannan ya ce, "Ɗan nan, a bayan motonsa ka shigo garin nan. Ban san ko na wa ne kai ba. Na ce wa mutane ɗan ƴar'uwata ba ya ba da shi ko za a yanka shi, na ɗauke ne kawai don hankalin matar mai amalanke shi kwanta. Har rantsuwa na yi musu." Ya miƙe ya dube ni. "Rannan ina zaune ina gyaran igiya, ina jiran ka ce masa a'a karo na biyu. Sai na ga ka tashi ka shiga ɗaki."

Na juya na dubi fankon da ke rataye jikin turke.

Ya ce, "Ban gaya wa kowa ba. Uwarka ma ba za ta ji ba."

Wani layin zaren ya tsinke yana jan ƙasa. Kawu ya ɗauko bakinsa ya miƙo mini, ya ce in riƙe da kyau zai ɗaure wancan gefen. Na riƙe.