Fuskar Inna da Ruwan Sama Ya Wanke

Edita, ina gaishe ka da masu karatu baki ɗaya. A lokacin da wannan abu ya same ni, ni budurwa ce mai ji da kanta, 'yar wani tsohon ma'aikacin gwamnati mutumin Damagaram, wanda aiki ya kawo shi Yamai tun ba a haife ni ba, ya gina gidan ƙasa a unguwar Yantala ya zauna. Sana'ata zane ce, irin wanda ake ratayawa a bango mutane su tsaya suna kallo suna gyaɗa kai, ko sun gane ko ba su gane ba. Abin da aka san ni da shi a cikin abokan sana'a shi ne ba na sayen fenti. Jar ƙasa nake ɗebowa a duwatsun ƙetaren kogi, baƙar laka a gonakin shinkafar Saga, in haɗa da gawayi da toka da farar ƙasa, in daka, in tankaɗe, in kwaɓa da ruwan ƙaro. Launin da ke fitowa ba ya ƙyalli, yana nan a kwance kamar bangon ɗakin da aka yi wa sabon yaɓe. Ina alfahari da wannan, kuma alfaharin ya yi mini yawa.

Akwai wani dattijo Bazabarme da na koyi aiki a wurinsa, wanda ya fara zane tun ina goye. Kullum ya ga aikina sai ya yaba, sannan ya ce in riƙa shafa masa berni, wato man nan da ake bi kan zane da shi don ya kare shi daga ruwa da danshi. Yakan tuna mini cewa ƙaro ba ya riƙe komai in ya ga ruwa, domin da ruwa aka narkar da shi tun farko. Ni kuwa sai in yi dariya in ce berni na masu allon shagon aski ne, yana ɓata jar ƙasa ya sa ta sheƙi kamar an shafa mata man gyaɗa. Har tsokanarsa nake yi, wai tsufa ne ya sa shi tsoron damina. Ba ya jayayya da ni, sai dai ya girgiza kai ya ci gaba da wanke burushinsa.

Innata, Allah ya jiƙanta, ba ta yarda a ɗauke ta hoto ba duk tsawon rayuwarta. Ko a biki, da ta ga an ɗaga waya sai ta ja mayafi ta juya baya. Hotonta ɗaya ne a duniya, na katin shaida, ɗan mitsitsi, ya koɗe, ta ɗaure fuska a ciki kamar an kama ta da laifi, wanda ya san ta ba zai ce ita ce ba. Da ta rasu, bayan an share makoki gida ya yi tsit, sai na ji tsoro ya kama ni cewa zan manta kamanninta. Na shiga ɗan ɗakin da nake aiki a ƙuryar gida na fara zana ta da ka. Wata da watanni ina yi ina gogewa, har ranar da na ja baya na ga Inna tana kallona: wushiryarta, da yadda idonta na hagu ke ɗan kannewa in za ta yi dariya, saboda hayaƙin turaren wuta da ta yi shekaru tana haɗawa tana sayarwa. Na zauna a ƙasa na yi kuka har na gode wa Allah.

Baba bai taɓa son sana'ata ba, musamman zanen mutane, haƙuri kawai yake yi da ni. Don haka na ɓoye masa zanen Inna. Wata rana ya shigo neman tsani ya yi kiciɓis da ita. Ya tsaya yana kallonta, sannan ya cire hularsa ya zauna a kan turmin da nake dakan ƙasa. Daga nan sai ya ce ba zai hana ni ajiye shi ba, amma da sharaɗi: kada zanen ya fita daga gidan, kada kuma a ɗauke shi a waya, domin matar da ta ƙi hoto tana raye ba za a yi yawo da fuskarta bayan ranta ba. Na amince, na kuma cika alkawari. Tun daga nan, in ya dawo sallar la'asar sai ya bi ta ɗakin, wai ya zo duba ko gara ta taɓa azara. Ni da yayyena muna sane, ba mu taɓa nuna masa mun gane ba.

Ranar da abin ya faru tsakiyar damina ce. Ina unguwar Koira Kano ina yi wa wata makarantar yara zane a katanga, sai hadari ya taso daga gabas bayan azahar, baƙi ƙirin. Aka yi ruwa da iska irin wanda ke tsayar da garin cak. Ban damu ba sam, ina fake a zauren makarantar ina hira da mai gadi. Sai da ruwa ya tsagaita na samu taksi da ƙyar, muka yi ta kewaye saboda hanyoyi sun zama rafi. Ina shiga gida na hangi kwanon rufin ɗakin aikina a tsakar gidan maƙwabta. Na tarar da Baba a cikin ɗakin, jiƙe sharkaf, ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓe zanen da ita yana rungume da shi. Shi kaɗai ne a gida, ya yi iya ƙoƙarinsa, amma rigar ma jiƙaƙƙiya ce, ita ta ƙarasa kwashe abin da ruwa ya bari. Da muka ɗaga ta, babu ido, babu baki, sai jirwaye ja da baƙi sun gangaro sun taru a daɓe.

Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, ko ranar rasuwar ban ji haka ba, domin wannan karon da hannuna a ciki. Kwalbar berni guda da burushi, aikin da bai fi na hantsi ɗaya ba, da sun tsare mini ita. Dattijon malamina da ya zo jaje bai ce ai ya faɗa mini ba, ya dai taya ni kankare busasshiyar ƙasar da ta taru a daɓe, muka zuba a cikin kaskon turaren Inna.

Na ce wa kaina ai hannun da ya yi na farko yana nan. Na sake shimfiɗa ƙyalle na fara. Ashe tun da na gama na farko na daina riƙe fuskar a zuciya, na bar wa zanen ya riƙe mini. In na rufe ido sai in ga mayafinta, in ji muryarta, amma fuskar ta ƙi tsayawa. Na zana mata iri-iri, kowace kyakkyawa, kowace baƙuwa. Yayyena suka yi ta ba ni shawara, wannan ta ce hancin ya yi tsawo, waccan ta ce goshin ne. Na rame, na daina karɓar aiki, na daina fita. Baba yakan leƙo bayan la'asar kamar da, ya duba, ya fita.

Wata rana ya shigo ya tarar ina goge wata fuskar ina hawaye. Ya karɓe tsumman daga hannuna, ya jawo turmi ya zauna a gabana, ya gyara hula.

"Bari haka nan, 'yata," in ji shi. "Ni ina ganinta ko na rufe ido, ke nake tausayi. Zo ki zana ni tun ina nan. Ki kuma shafa masa man nan da kika raina."

Na yi dariya ina kuka. Mutumin da ya yi shekaru yana kawar da kai daga aikina, shi ne ya riƙa zama mini kowace yamma, yana mita wai bayansa ya gaji, yana ba ni labarin yadda ya fara ganin Inna a bakin rijiya a Damagaram. Da na zo kan rigarsa, sai na buɗe kaskon turare na jiƙa ƙasar nan da muka kankare, na yi launin rigar da ita. Ya ga abin da nake yi, bai hana ni ba.

Abin da na koya nake so 'yan'uwana masu zane su ji, musamman matasa masu aiki da ƙasa da lalle da shuni irina. Kyan aiki bai isa ba in ba ka tanadar masa abin da zai kare shi ba, kuma in wanda ya riga ka a sana'a ya ja kunnenka, kada ka mai da shi abin tsokana. Sauran masu karatu kuma, ku dubi fuskokin iyayenku da kyau tun suna zaune a gabanku, kada ku dogara da waya ko bango su riƙe muku.

Baba ya rasu a daminar da ta wuce. Zanensa na rataye a ɗakina, ya sha berni har yana ɗan sheƙin nan da na tsana a da. Duk wanda ya shigo yakan ce ga Baba kamar zai yi magana. Ni kaɗai na san su biyu ne a wurin.