Kwamfutar Ihlas da Kaskon Turaren Haja

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar tasha, ni da maƙwabcina na kasuwar Gadarif, mai sayar da buhunan zuba riɗi, wanda ya ce zai raka ni Mafaza ya ga yadda shuka ta yi a gefen kogin Rahad. Ni sana'ata gyaran kwamfuta ce, a wani ɗan shago da ke bayan layin masu agashe, wato tsiren nan ƙasar. Jakata ta yi nauyi ranar, domin na zuba mata duk abin da nake zargi: akwatin wuta na kwamfuta sabo, ƙwaƙwalwar kwamfuta guda biyu, igiyoyi, sukundireba, da filas ɗin da nake tara manhajoji a ciki. Saboda takunkumin da ke kan ƙasar nan, shafukan kamfanoni da yawa ba sa buɗe mana, don haka abin da ba ka ɗauko a aljihunka ba, ba za ka same shi a can ba.

Dalilin tafiyar 'yar yayata ce, Ihlas. Ta ci jarrabawar gama sakandare da kyau, neman gurbin jami'a kuma yanzu ta intanet ake yi. Saura kwana biyu a rufe shafin, wanda ya makara kuwa sai baɗi. Kwamfutar da mahaifinta ya aiko daga Saudiyya, inda yake aikin tuƙi, ta kama wani hali: ta kunnu, ta yi minti kaɗan, ta ɗauke ɗif. Mai shagon da ke cike wa mutane takardu a garinsu ya kulle ya tafi gona. Na ce mata ta karanto mini lambobinta a waya in cike mata daga Gadarif, ta ƙi. Wai bara an cike wa ƙawarta a shago, aka juya mata jerin zaɓi, ta tsinci kanta a kwalejin da ba ta taɓa so ba. Ita sai ta gani da idonta, ta danna da yatsanta. Taurin kan nan na san inda ta gado shi, don ni na tashi a hannun uwarta.

Hanyar Gadarif zuwa Fau kwalta ce, ba ta da wata matsala sai manyan motocin da ke tahowa daga tashar jiragen ruwa, waɗanda ba su san akwai wani a titi ba. Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, kwandasta kuma bai ga dalilin yi wa kowa bayani ba. Hagu da dama dawa ce da riɗi har iyakar gani, kore shar, ga 'yan ƙwadago a jere suna cire ciyawa. An tsayar da mu sau biyu. A shinge na biyu jami'in ya zaro akwatin wutar daga jakata ya juya shi, ya leƙa fankarsa, ya tambaye ni ko rediyo ne. Na ce masa na kwamfuta ne. Ya ce to tunda haka ne, me ya sa wayarsa take zafi? Na ce ya rage kallo a cikin rana, ya miƙo mini kayana.

A Fau muka karya da ful, wato dafaffen wake, an zuba masa man riɗi da albasa, sai shayin wata mai shayi da ke ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Burodin ya ƙara ƙanƙancewa, kuɗinsa dai yana nan. Abokin tafiyata ya ci uku ya ce har yanzu bai gama na farko ba.

Daga nan tafiyar ta canza. Mun shiga bokis, wato a-kori-kura, mu da buhunan sukari da wata akuya da aka ɗaure a ƙafata. Wanda bai san baƙar ƙasar Gadarif da damina ba zai ɗauka ƙari nake yi. Ruwa ya sauka kwana biyu kafin zuwanmu, laka ta kama tayoyi har motar ta koma tafiya a karkace. Sau uku muna sauka muna turi. A wani kwari da ruwa ya yanke hanya sai da tarakta ta ja mu, mai ita kuma yana zaune a wurin tun safe yana jiran irinmu, ya shimfiɗa tabarma har da butar shayi. Na bar takalmina ɗaya a wurin. Ban sake ganinsa ba, na ƙarasa Mafaza da silifas ɗin aro.

Mun isa bayan la'asar. Gidan su Ihlas ɗakunan ciyawa uku ne, da rumfa, da ɗaki ɗaya na kwano mai ƙofar ƙarfe, wanda a cikinsa ake ajiye duk abin da ke da daraja. Yayata ta kawo mana godogodo, kunun gero mai sanyi. Sai da na gaida Haja, kakar Ihlas ta wajen uba, wadda ita ce babba a gidan, ta tambaye ni mutanen Gadarif ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda suka rasu, sannan aka ba ni makullin ɗakin.

Na fara da abu mafi sauƙi, kamar kullum. Na gwada soket, wuta lafiya. Na canza igiya, na kunna, ta tashi, na zauna ina kallon agogo, ba a yi minti biyar ba ta ɗauke. Na taɓa bayanta na ji zafi kamar murfin tukunya. Fankar baya tana juyawa, amma da ƙyar, tana wani gurnani. Sai na kwance sukurori na zare murfin, wani ƙamshi ya bugi hancina, irin na ɗakin amarya.

Na sha buɗe kwamfutoci na tarar da ƙura, da gidan zanzaro, har da ɓera busasshe. Wannan dabam ce. Wani abu mai danƙo, ruwan ƙasa, ya lulluɓe fanka da ƙarfen da ke sanyaya injin, ƙura ta manne a kansa ta zama kamar bargo. Iska ba ta da ta inda za ta wuce. Na lakata da yatsa na shinshina, sandal ne da sukari.

Ihlas tana tsaye a bakin ƙofa. Na nuna mata yatsana, ba ta yi mamaki ba.

"Turaren Habboba ne, Kawu," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa. Habboba suke ce wa kaka a nan, jihaz kuma na'ura. "Kullum da safe sai ta sa kasko a ƙarƙashin mayafin jihaz ɗin, yadda take yi wa tufafi. Na daɗe ina zargin shi ne."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Ni? Ko Ummi ba za ta iya ba. Abin ɗan Habboba ne."

A nan na gane ba don sukundireba kaɗai aka kira ni ba. Raina ya ɗan ɓaci, don na baro shago na kwana biyu na ɗauko kayan da ba za a taɓa ba. Amma na san gidan. Surukuwa ba ta gyara wa uwar miji, jika kuma tana iya tsokanar kakarta a kan komai ban da abin da ya shafi ɗan da ke nesa.

Gyaran kansa ba wani abu ba ne. Na sa aka sayo sibirto, wato sifirit na goge ciwo, a kyamis, aka ba ni tsohon buroshin haƙori da auduga. Na cire fanka na wanke fikafikanta ɗaya ɗaya, na kankare ƙarfen sanyaya, na goge tsohon man da ke tsakaninsa da injin na shafa sabo. Ƙwaƙwalwar na zare ta, na goge haƙoranta da abin goge fensir na Ihlas. Ina cikin mayar da sukurori aka ɗauke wuta, daidai kiran magariba, aka ce ba ta dawowa sai safiya. Muka ci tuwon dawa da miyar kuɓewa busasshiya da kifin Rahad, muka kwanta.

Washegari, ranar ƙarshe ke nan, na ga abin da idona. Haja ta fito da kaskonta, ta zuba garwashi, ta ɗora 'yan guntayen itacen turare da aka dafa da sukari da mai, ta nufi ɗakin kwano. Kwamfutar na da mayafinta mai aikin hannu, har da fure a gefe. Ta ɗaga gefen mayafin za ta tura kaskon, na ce, "Haja, don Allah dakata."

Na yi mata bayani yadda zan yi wa kowa. Na'urar nan tana zuƙar iska ta baya don ta huce, duk abin da ke cikin iskar kuma ciki yake zama. Na nuna mata audugar jiya. Ta karɓa ta shinshina, ta gane turarenta, don ita take haɗa shi.

"Ya waladi," ta ce da ni, wato ya ɗana, "uban yarinyar nan shekara nawa yana tuƙi a rana kafin ya sayi wannan. In bar abin yana warin ƙura kamar kayan da ba su da mai su?"

Na ce a bar shi a buɗe, a share gefensa, ya isa. Ta fita da kaskon ta ajiye a tsakar gida, hayaƙin ya yi ta tashi ba mai amfani da shi.

Wuta ta dawo da hantsi. Kwamfuta ta tashi, fanka tana juyawa shiru, na bar ta rabin awa ba ta ɗauke ba. Saura shabaka, wato intanet. Na tambayi inda rauta take, wato na'urar da ke kamo intanet ɗin, aka buɗe mini kabad ɗin ƙarfe, ga ta a tsakanin faranti da kofunan baƙi, an kulle ta don tsoron tsawa da ɓarayi. Ƙarfe a cikin ɗakin kwano, ba ta kama komai, fitilarta ja wur. Na fito da ita na ɗaura ta a saman ginshiƙin rumfa, ta fuskar da hasumiyar waya take, na jawo mata wuta da doguwar igiya, na kifa mata robar wanke-wanke saboda ruwa. Fitila ta koma kore. Kwamfutar kuma ta ƙi ganinta, domin ɗan abin kama wai-fai da ke soke a bayanta ba shi da manhajarsa. Wannan kam filas ɗina ya yi rana. Na jawo teburin kusa da taga, sanda biyu na alamar sabis suka fito, ta uku tana zuwa tana tafiya.

Ihlas ta zauna da takardar da ta rubuta jerin zaɓinta. Shafin ya cika da jama'a, kowa ya bari sai ranar ƙarshe, sau biyu yana mayar da ita farko. Ta sake farawa daga layin farko. Ni na sa ido a kan fanka, uwarta tana ƙofa da ludayi a hannu, abokin tafiyata yana tsaye a gindin rumfa yana korar akuyar da ta ga igiyar wuta ta yi sha'awarta. A karo na uku shafin ya karɓa, lambar shaida ta fito. Ta kwafe ta a takarda, ta sake kwafewa a bangon littafi, sannan ta kifa kanta a tebur. Ana kiran azahar a lokacin.

Ba mu tsaya ba, don hadari ya fara haɗuwa ta gabas, direban bokis kuma ya ce in aka yi ruwa sai bayan kwana uku. Na shiga yi wa Haja sallama. Tana zaune a bakin gadonta na igiya, ta ba ni ƙullin gyaɗa, ta riƙe hannuna ba ta saki ba.

"Faɗa mini gaskiya," ta ce. "Da ba ka zo ba, da ni ce na hana yarinyar nan jami'a?"

Na ce mata a'a, ƙura ce ta fi yawa, ko ba turare da sai ta toshe. Ta dube ni cikin ido, ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Dawowar ta fi sauƙi, laka ta ɗan sha iska, turi ɗaya muka yi. Mun samu motar Gadarif a Fau, muka shigo gari rana tana faɗuwa. Abokina ya dawo da labarin riɗi ya yi kyau, ni na dawo da sabon akwatin wuta da ƙwaƙwalwar yadda na tafi da su, ko leda ban ɓare ba.

Abin da na ɗauko daga tafiyar nan shi ne, tun daga ranar duk wanda ya kawo mini na'ura, kafin in taɓa sukuru sai na tambaye shi inda take kwana, da wanda ke kula da ita, da yadda yake kulawar. Wannan na sana'a ne, ya kuma rage mini wahala. Ɗayan kuwa har yanzu yana damuna. Shekaru ina gaya wa mutane gaskiyar abin da ya kashe musu kaya ba tare da na ji komai ba, amma tsohuwar nan ta tambaye ni sau ɗaya na yi mata ƙarya, kuma na san ba ta yarda ba.