Awa Huɗu a Bayan Kasuwa

Dogo ake ce masa a tasha, ko da yake ba wani tsawo gare shi ba. Motarsa ce doguwa. Shekara ashirin da shida ya yi yana jan tirela, yana tsallaka iyaka da kaya sau biyu a wata. A garin da ke bakin iyakar yayarsa take zaune, ita ce kuwa ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Gidanta yana bakin babban titi, keken ɗinkinta a zaure. In ya zo wucewa sai ya danna hon sau biyu, ta ɗaga masa hannu. Bai cika tsayawa ba, don kullum akwai layi a gaba. Ita kan ce ta fi gane muryar motar a kan ta mai ita.

Shekarar da aka soma faɗaɗa titin, aka datse shi da durom-durom, aka karkatar da manyan motoci ta bayan kasuwa, hanya duk ramuka, mota biyu ba sa giftawa. Wata rana da hantsi wata tanka ta kafe a kwana, layi ya tsaya cak. Dogo ya kashe mota, ya zauna a inuwarta. Daga nan zuwa gidan yayar tasa bai fi tafiyar minti goma a ƙafa ba.

Sai ga wayarta.

"Ƙanina, an ce kun maƙale a bayan kasuwa. Ka tako mana, ko ruwa ka sha. Akwai maganar da nake so mu yi."

"Yaya, ina tashi layin zai motsa. Ki faɗa mini yanzu."

"Ba ta waya ba ce."

"To, in na dawo."

Awa huɗu layin bai motsa ba. Ya ci abinci, ya yi musu da wasu direbobi, har gyangyaɗi ya yi.

A can ƙetare matsalar takardu ta riƙe shi kwana goma sha ɗaya, layin wayarsa ba ya aiki. Da ya dawo ya taka zuwa gidan, ya tarar katafila ta kwashe zauren da ɗakin gaba, sai bangon ciki da jan fentin masu rusau a jikinsa. Mai facin da ke maƙwabtaka da ita ya gaya masa cewa ranar da aka zo rusau ta yanke jiki ta faɗi, babbar 'yarta ta zo ta tafi da ita.

Ya same ta a gidan 'yar a kwance, ɓarin jikinta ya shanye, baki ya karkace. Ta gane shi. Ta riƙe masa hannu tana motsa leɓe, ba abin da ya fito. Ya tambayi 'yar ko ta san maganar, ta ce ita ma ba a gaya mata ba.

Shekara biyu ta ƙara a duniya. Dogo ya ajiye tirela ya koma jan ƙaramar mota a cikin gari, don ya riƙa zuwa kullum. Shi yake juya ta, shi yake yanke mata farce. Bayan ta rasu maigidansa na dā, mai tirelar, ya aiko masa har sau uku ya dawo aiki, bai koma ba.